Kunyar Baba da Kuɗin Inshora

Shekara talatin ke nan da muka raka Baba makwancinsa, kuma har yau in na wuce ofishin inshora na ga samari a layi da takardun mota, shi nake fara tunawa. Wasu a masallaci iyayensu ke faɗo musu a rai, wasu ranar Sallah. Ni nawa uban a bakin ofishin inshora yake tare ni.

Baba falke ne. Da ƙafa ya zo Kumasi daga Kano yana kora jakuna, ya zauna a Zango, unguwar Hausawa, yana sayen goro yana turawa arewa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka na tashi ban san yadda sunana yake fita daga bakinsa ba. Wanda ya ga Hausawan dauri ya san wannan kunyar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a ma cika nuna an san da zamansa. In ina kusa ni ne "kai", in na yi nisa na koma "wancan". Yayarsa, Gwaggo Hassana, ita ta raine ni, ita ce kuma ke ƙwala mini kira Habu har maƙwabta su gaji.

A shekarun da lori ta fara ƙwace kaya daga bayan jaki, na bi wani direba Bafante na koyi tuƙi, na daɗe ina ja masa mota a hanyar Sunyani. Da Baba ya ga inda duniya ta dosa, sai ya tattara abin da ya mallaka ya sayi tsohuwar lori. Bai ce mini ni zan ja ta ba. Na dai tashi da safe na tarar da ƙarfen murɗa inji jingine a ƙofar ɗakina, na kuwa gane saƙon. Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba.

Goro kaɗai ba ya riƙe mota, dole sai da dakon buhunan koko na wani kamfanin Turawa, su kuma ba sa ba da kaya sai ga motar da ke da inshora. Baba ya yi ta gunaguni, wai ina aka taɓa biyan kuɗin hatsarin da bai auku ba, wannan ai fatan tsiya ne. Daga baya ya sa babbar rigarsa muka tafi ofishin a Adum.

Akawun wani Ba'asante ne mai fara'a, yana jin Hausarsa ta Zango. Ya tambayi shekarun motar, da hanyar da za ta riƙa bi, da inda take kwana, da ko za a ɗora mutane a kan kaya. Baba ya amsa tiryan-tiryan, har yana neman ragi kamar a rumfar goro. Ya yarda motar ta kwana cikin gida, ya yarda ba fasinja, ya ce ƙananan ɓarna shi zai riƙa gyarawa da kansa. Duk abin da ya faɗa, akawu ya gyaɗa kai ya ce kuɗi ya sauka.

"To Papa, direba naka fa?" in ji akawu. "Wane ne shi? Ya iya?"

Ina tsaye a bayan Baba. Sai na ga ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa.

"Wani yaro ne a gida," ya ce. "Yana dai taɓawa."

"Ya taɓa faɗi da mota?"

"Yaran yanzu, wa ya san abin da suke yi a hanya."

Da a Zango ya faɗi haka, kowa zai yi murmushi ya gane ɗan fari ake nufi, kuma an yaba ke nan. Akawu bai san wannan ba, abin da ya ji shi ya rubuta. Kuɗin da ya fito ya kusa ninka abin da Baba ya shirya. Da akawu ya ga fuskarsa, sai ya ba shi shawara tsakani da Allah: ya ajiye yaron, ya ɗauki babban direba wanda aka san hannunsa, kuɗi zai faɗo. Ni da na tuƙo mu zuwa ofishin ina jin su, ba damar in tsoma baki ana maganar manya.

Muka kama hanyar gida. Na san Baba ba shi da wannan kuɗin, na kuma san ba zai bar mota ta zauna ba. Abin da ya rage shi ne a karɓe sitiyari daga hannuna a ba bare. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kai ƙara wajen Gwaggo. Ta bar tukunyar wake da shinkafarta a wuta, ta same shi a zaure.

"Sale, kunyar taka ce har ta kai ka ka kashe wa ɗanka kasuwa a ofishin Bature?"

"Yaya, yaya zan buɗe baki in yabe shi a gaban mutane?"

"Su waɗannan ba su san kunya ba, takarda suka sani. Ka koma ka gyara, ko in ɗaura gyalena in je in faɗa musu har ranar da aka yi masa kaciya."

Baba ba ya tsoron ɗan sanda, ba ya tsoron kogi, amma yana tsoron Gwaggo. Muka koma. Da muka isa ƙofar ofishin sai ya ce, "Kai, tsaya ka duba ruwan mota." Ruwan nan a gabansa na cika shi kafin mu taso. Na buɗe gaban mota na tsaya, motar kuwa daidai ƙarƙashin tagar akawu take.

"Direban nan da na ce maka yaro ne," na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, "ba yaro ba ne. Sunansa Abubakar. Ni na haife shi. Tunda ya fara tuƙi ko kaza bai taɓa takewa ba. Ba ya shan komai, ba ya gudu, in ya iso gada sai ya sauka ya duba. Ka aika a tambayi maigidansa na da. Da motoci goma gare ni, shi zan damƙa wa."

Akawu ya yi dariya. "Papa, to me ya hana ka faɗi tun farko?"

"Kai dai rubuta."

Ya fito yana sharce gumi kamar wanda ya sauke buhu, ya hau ya zauna, ya ce, "Har yanzu ruwan ne?" Na rufe gaban mota ina ɓoye fuskata. Kuɗi ya sauka, ya kuma ci gaba da sauka duk shekarar da ta wuce ba hatsari.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Inshorar da ya kira fatan tsiya ta zama dole ga kowace mota. Tambayoyin ba su canja ba, har gobe direba da hanya da makwancin mota su ke yanke kuɗi. Mutanen ne suka canja. Yanzu uba zai tsaya ya rantse ɗansa gwani ne, alhali jiya yaron ya tura mota cikin kwata a Bantama. Ina jin Baba zai riƙe baki ya ce shi gaskiya ce ta yi masa nauyi, su kuwa ko ƙarya ba ta yi musu. Shi ya sa in samari suka tambaye ni dabarar rage kuɗin inshora, nakan ce su tuƙa mota yadda wanda zai ba da shaidarsu ba sai ya ƙara gishiri ba.

Lorin ta daɗe da zama kayan maƙera, rumfar goron ma wasu ke ciki. Abin da ya rage mini na Baba bai fi waɗancan 'yan kalmomi ba, kuma ba ni aka faɗa wa ba. Na yi shekaru ina tuƙa shi yana gefena, ya koma "kai" ɗinsa har ya bar duniya. Bai san na ji ba, ni ma ban taɓa nuna masa ba, don da ya sani da bai ƙara iya haɗa ido da ni ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Yau na girme shi a shekaru, an kira sunana a wurare da yawa, amma sau ɗayan nan ta taga shi ne ya ishe ni.