Ranar da Gwaggo Tabawa Ta Yi Ɗingishi

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan tasha a Funtua ya san Gwaggo Tabawa ba ta zuwa ɗibar wuta maƙwabta sai ta ci ado. Ɗibar wuta fa na ce! Ga kasko a ajiye yana jira, amma sai an buɗe adaka, an zaɓi zane, an zizara kwalli, an kafa ɗauri, an sa takalmi. Sau da yawa kafin ta isa, matar gidan ta sauke tukunya, garwashin ya zama toka. In aka yi mata magana sai ta ce, "Yo ni na san wanda zan haɗu da shi a zaure? Idon mutane ma yana da hakki a kaina."

Ku da kuka san ta, na san kun fara murmushi. Don yaran da suka taso daga baya, yayar babana ce. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, sai aka ba ta riƙona tun ina ƙarama. Ni kuwa shan inna ya taɓa ni, ƙafata ta hagu ta gaza ta dama, a kan yatsu nake taka ta, kafaɗata tana faɗawa gefe. Tun ranar da na waiwaya na ga yaran unguwa sun jero a bayana suna kwaikwayon tafiyata, na daina fita. Ba dandali, ba biki, ba suna. Har na zama budurwa, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, iyakata ƙofar zaure. Wannan abu ya tsaya wa Gwaggo a rai. Takan dube ni ta ce, "Hansai, in Allah ya ara mini kwana, sai na ga kin ratsa tsakiyar gidan biki kanki a sama." Ni dai sai in sunkuyar da kai in ci gaba da tsince shinkafa.

Sana'arta dillanci. Tana bin gidaje da ƙunshin tsofaffin kaya, zannuwan saƙi, duwatsun wuya, murjani, mundayen azurfa, irin waɗanda ake fitarwa in an raba gado. Amma ban taɓa ganin dillaliyar da ke korar ciniki irinta ba. Wata shekara da kaka, bayan an sayar da auduga kowa aljihunsa ya yi nauyi, matar wani mai awo ta zo har gida tana son wani jan zane na alharini. Ko tayi ba ta yi ba, ta ce a naɗe mata. Gwaggo ta ce ta ɗaura tukuna. Matar ta ɗaura. Gwaggo ta ja da baya, ta karkata kai, ta daɗe tana kallo.

"Kwance," in ji ta.

"Lafiya, Gwaggo?"

"Zanen bai yarda ba."

"Zane ne ke yarda ko mai kuɗi?"

"Ke 'yar nan, ke ja, zane ja, ga bakinki ja da goro. In kika fita haka yara za su ɗauka gobara ce."

Ta ɗauko mata wani baƙin zane mai shuni, wanda bai kai rabin darajar wancan ba, ta tura ta gida da shi tana ƙunƙuni. Da Baba ya ji labari ya zo yana tafa hannu. "Yaya, wace irin dillaliya ce ke?" Ta ce, "Irin wadda in mace ta yi muni a taro ba za a ce Tabawa ce ta sayar mata ba."

Ga ta kuma da tattali kamar me. Akwai wani saƙi na mahaifiyarta, wanda take rantsuwa ya girmi layin dogon da ya ratsa garin. Ya koɗe, ya yi ido nan da can, amma ta kai wa Iya Sikira, Bayarabiyar da ke ɗinki a bakin kasuwa, wai a yi mata riga a sa hannun leshi. Iya Sikira, wadda Hausa a bakinta ta fi ta wasunmu, ta ɗaga zanen ta hango rumfar da ke gabanta ta cikinsa.

"Mama Tabawa, wannan zane ai ya rasu. Sai jana'iza."

"Ke kika yi masa wanka? Suma ya yi. Taka kekenki."

Aka yi riga, kuma wallahi ta yi kyau. Da rigar ta gaji aka mai da ita ɗan kwali. Da ɗan kwalin ya gaji aka yi jakar madubi. Ƙarshen zanen nan, ni na gani da idona, igiya ce a wuyan tandun kwalli, kuma ko a nan ba ta yarda a ce ya ƙare ba.

Tana da doka a kan sa kaya, wadda duk budurwar da ta shigo gidanmu sai ta haddace ta ko ba ta so. "Tsoho ɗaya, sabo ɗaya, sai abu ɗaya mai magana. In zane yana magana, wuya ya yi shiru. In kaya biyu suka yi magana lokaci guda, faɗa ne, ba kwalliya ba."

To, ana nan sai Hajiya Kulu ta Malumfashi, 'yar ƙanen baban su Gwaggo, ta tashi aurar da 'yarta. Lokacin anko ya fara shigowa daga kudu, kowa yana ɗokinsa. Ta aiko da atamfa, wai duk dangi su zo iri ɗaya, kuma lallai a zo da Hansai, don ta gaji da jin sunana ba ta ganina. Gwaggo ta warware atamfar da yatsa biyu. "Mu duka iri ɗaya? Sojoji ne mu ko buhunan auduga?"

Ni kuwa tun kafin a tambaye ni na ce ba ni zuwa.

Washegari da hantsi Gwaggo ta ce in tsaya in jingina da bango, in miƙe kafaɗuna daidai. Ta durƙusa ta rinƙa cusa abubuwa ƙarƙashin dunduniyata ta hagu. Ta sa faifai, bai kai ba. Ta sa murfin tukunya, ya zame. Ta ɗauko sandar sabulun wanki ta cusa, sai ga dunduniya ta zauna daram. "Yauwa!" Ta gwada ƙafarta da tawa, ta ga ɗaya suke, ta ƙulle sabulun a bakin zane, ta shiga ado, ta nufi kasuwa.

Abin da ya faru a rumfar Baba Sande mai takalma, shi da kansa ya rinƙa ba da labarinsa shekara da shekaru. Wai ta zauna ta sa ya sauko da duk takalman mata masu tudun dunduniya, tana kara kowane da sabulu.

"Mama, sabulu za ki sayar mini ko takalmi za ki saya?"

"Kai dai sauko da na can sama."

Sai da ta sami wanda tudunsa ya yi daidai da sabulun, ja ne mai maɗauri. Sannan ta sa ya nemo mata shimfiɗaɗɗe marar tudu, shi ma ja. Matar da ke yini tana ciniki a kan allura, ran nan takalma ƙafa biyu ta saya a zama ɗaya. Baba Sande ya ce har ya tambaye ta ko jikinta lafiya.

Da ta dawo ta miƙo mini mai tudu na hagu da shimfiɗaɗɗe na dama. "Sa. Je ki bakin rijiya ki dawo." Na sa, na taka. Kafaɗata ba ta faɗi ba. Na sake takawa. Ban san lokacin da na je rijiya na dawo na sake komawa ba. Amma da na sunkuya na kalli ƙafafuna, sai murnar ta koma ciki.

"Gwaggo, za su ga takalman. Ɗaya dogo ɗaya gajere. Dariyar sai ta fi ta da."

"Ba wanda zai kalli ƙafarki."

"Ta yaya?"

"Wannan nawa ne. Ke dai ki ce za ki."

Ban ce zan je ba, ban kuma ce ba zan je ba. Ita kuwa ta ɗauki shiruna ta kai wa Iya Sikira, aka ɗinka mini riga da atamfar ankon. Ranar tafiya Gwaggo ta ɗaura mini wani baƙin saƙi mai nauyi, ta sake shi har yana shafar ƙasa. Ta buɗe can ƙasan adaka ta fito da murjanin da ba ta taɓa bari ko dillalai 'yan uwanta su taɓa ba, ta rataya mini. "Yau wuyanki ne mai magana. Duk wanda ya dube ki, sama zai duba."

Muka hau babbar mota, muka zauna kan buhunan gyaɗa, takalma a ƙunshe a cinyarta. Ina jin kamar in ce direba ya tsaya in sauka. Da muka isa Malumfashi, tun daga nesa muke jin kiɗan ƙwarya da guɗa. A zauren gidan ta kwance ƙunshi ta ba ni nawa. Ina cikin ɗaure maɗauri sai na ga ta zaro sauran biyun, mai tudu na dama da shimfiɗaɗɗe na hagu, ta zura a ƙafarta. Sannan ta tattare zanenta ta ɗaure shi sama da idon sawu.

"Gwaggo, me kike yi?"

"Biyo ni. Kada ki yi sauri."

Jama'a, da kun ga shigar nan! Tsakar gida cike da mata, kowa cikin atamfa iri ɗaya, sai ga Gwaggo Tabawa cikin shuɗin leshi, ɗauri ya tashi sama, tana tafe tana faɗawa hagu tana tasowa, jan takalmi dogo da gajere a fili, fuska a ɗaure kamar matar alƙali. Masu kiɗa suka saki ƙwarya. Hajiya Kulu ta taso da gudu.

"Innalillahi! Tabawa, me ya sami ƙafarki?"

"Ƙafata lafiya lau. Kin ce a zo iri ɗaya, ni kuwa ko takalmana ba su yarda da iri ɗaya ba."

Gida ya kece da dariya. Wata ta rangaɗa guɗa, masu ƙwarya suka ɗauki kiɗa daidai da ɗingishinta, ita kuwa ta ƙara karkacewa, tana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar kowa ba. Ni ina bayanta. Na ratsa tsakar gidan nan tun daga zaure har ƙofar ɗakin amarya, ba idon da ya sauka ƙasa a kaina. Wata tsohuwa ce ma ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar wa ce wannan mai murjani? Tubarkalla." 'Yan mata suka ja ni cikinsu, aka ba ni wuri, aka yi ta hira da ni kamar kullum tare muke. Da yamma har na shiga fili na ɗan taka. Duk inda na juya sai in hango Gwaggo a tsaye. Ta ƙi zama, ta ƙi cire takalman, tana ta zagaye gida da ɗingishinta.

Washegari muna ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa a bakin hanya muna jiran mota, ta zauna kan tushe ta miƙe ƙafa. Idon sawunta ya kumbura suntum. Na durƙusa ina matsa mata.

"Gwaggo, don me kika yi haka?"

"Ji wata tambaya! In sayi takalma huɗu in bar biyu su kwanta a adaka? Kuɗin banza gare ni?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dafa ƙugunta tana kallon gonakin da aka cire wa auduga. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ashe haka ƙugu ke yi. Ashe har baya yake hawa." Ta juyo ta dube ni. "Ni yini ɗaya na yi, Hansai. Ke tun kina ƙarama haka kike ji, kina ɗebo mini ruwa, kina yi mini daka, ba ki taɓa gaya mini ba?"

Na ce na saba. Sai ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta ta yi kuka, a bakin hanya, masu jakuna suna wucewa suna kallo. Ni ma na yi. Ran nan na san ba riƙona kawai take yi ba, sona take yi.

Daga bikin nan ban sake ɓuya ba. Gwaggo ba ta daɗe sosai a duniya bayan haka ba, 'yan shekaru ne, amma ta ga aurena, kuma ita ta shirya ni, tana faɗa da kowa a kan ɗauri.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tabawa, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Yadda ta karkata don in miƙe, Allah ya daidaita mata sawu a kan siraɗi, ya suturta ta da tufafin Aljanna. Amin.