Yaya Tanimu Bai Ajiye Wasiƙar Ba

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da muka kai Yaya Tanimu makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in sake ajiyewa. Matata ta ɗauka lalaci ne, na kuma bar ta a haka. Gaskiyar ita ce akwai maganar da dole ta fito muddin na fara rubutu a kansa, ni kuwa ban yi ƙarfin halin fito da ita ba sai bana.

Wanda ya zauna a Minna, ɓangaren Tunga, jim kaɗan bayan dawowar mulkin farar hula, wataƙila zai tuna wani ɗan shago da ake buga takardu da fotokwafi, wanda daga baya aka ƙara masa kwamfutoci huɗu na shiga intanet. Shagon yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Ni ne mai buga takardu a ciki. A lokacin ina da aure har da 'ya'ya biyu, amma a shagon nan ban wuce "kai Isiya" ba.

Yaya mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. Ba ya faɗa, amma idan ya kafe a kan abu sai dai ka gaji ka bari. Wani abokinsa malamin jami'a ne ya fara kawo masa faifan Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ake bayarwa kyauta, kowa na da damar kwafa ya ba wani, kuma duk wanda ya iya zai iya buɗe cikinta ya ga yadda aka haɗa ta. Tun daga ranar Yaya ya kamu. Sauran shaguna kwafin sata suke saye a kasuwa su ɗora, shi kuwa ya ce ba zai ciyar da iyalinsa da kayan sata ba alhali ga halal nan a ɓagas. Idan aka matsa masa da gardama sai ya ce shi ya fi son naman da aka yanka a gabansa. Ya shirya injinan yadda daga faifan suke tashi, da zarar an kashe su kuma duk abin da aka yi a ciki ya tafi.

Masu zuwa shagon sun sha mita. Ɗalibai su ce komai ba ya inda suka saba ganinsa. Wani ɗan kwangila ya taɓa tambayarsa ko talauci ne ya hana shi sa irin ta kowa, Yaya ya yi murmushi ya ce e. Abin da ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne kalmar sirri. A wancan zamanin kusan kowane shagon intanet yana da littafi, irin na 'yan makaranta, da ake rubuta sunan mutum da adireshin imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, don idan ya zo a buɗe masa ba tare da wahala ba. Mutane na ganin hakan kyautatawa ce. Yaya ya ƙi ajiye littafin. Idan za ka shigar da kalmarka sai ya juya maka baya yana kallon bango, kamar wanda aka sa a horo. Dattawa masu mantuwa kuwa yakan ba su guntuwar takarda su rubuta da hannunsu, ya ce su cusa a cikin hula. Na ga alhazan da suka fita suna huci suka koma shagon da ke tsallaken titi, shi kuwa ko gezau.

Akwai kuma dokar da ta shafe ni kai tsaye. Duk mai buga takardu a garin nan ya san samfuri: idan aka kawo maka wasiƙa mai kyau, ta neman aiki ko ta neman taimako ko ta ƙorafi, sai ka ajiye kwafinta. Gobe wani ya zo da irin buƙatar, ka buɗe, ka canza suna da adireshi, ka buga masa cikin minti biyar. Yaya ya hana. Ya ce wasiƙar mutum cikinsa ce ya buɗe maka don dole. Ni kuwa ina ganin wannan tsabar wahalar da kai ce. Saboda haka na sayi diskit ɗina, ɗan faifan adana rubutu, ina yawo da shi a aljihun gaba, duk wasiƙar da ta burge ni in faki idonsa in adana. Hannuna ya yi sauri, har Yaya yana yabona a gaban mutane, yana cewa Isiya kansa na ja. Ina jin daɗin yabon, ban taɓa jin ko ɗar ba.

Akwai wata malamar firamare da zan kira Malama Saratu, ba sunanta ba ne. Asalin iyayenta daga kudancin Kaduna suke, tana koyarwa a wani gari da ba shi da nisa da Minna, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Takan zo buga jarrabawar ɗalibanta. Wata rana ta zo ta zauna har shago ya yi sauƙi, na miƙa hannu in karɓi takardar da ke hannunta ta ce a'a, Malam Tanimu take jira. Shi ya buga mata da kansa a injin ƙurya mai fuskantar bango. Da aka zo fitarwa sai firinta ta riƙe takarda. Ya je ya buɗe ta yana gyarawa, ita kuma ta bi shi ta tsaya, don takardar ta faɗo a hannunta. Daga can ya ce, "Isiya, danna mini bugu. Kada ka karanta."

Na karanta. Wasiƙa ce zuwa wata ƙungiya da ke taimaka wa masu cutar nan mai karya garkuwar jiki da magani. Wanda ya san yadda ake kallon mai wannan cuta a shekarun nan ya san abin da ke cikin takardar. Amma ni, Allah ya yafe mini, ba halin da take ciki na gani ba. Turancin na gani, yadda ta jera roƙonta ba tare da ƙasƙantar da kai ba. Na ce a raina wannan samfuri ne. Kafin firinta ta tashi na zura diskit na adana na zare.

Da ta karɓi takardarta, Yaya ya kira ta gaban injin ya kashe shi, ya sake kunnawa, ya nuna mata babu komai. Ya ce, "Malama, ta tafi. Ko ni ba zan iya dawo da ita ba." Ta yi ajiyar zuciya, ta yi masa godiya har da ɗan rusunawa. Ina zaune a kujerata ina jin su.

Bayan kamar shekara biyu Yaya ya kwanta ciwon hanta, bai yi wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Malama Saratu na cikin waɗanda suka zo gaisuwa, ta zauna cikin mata ta yi kuka sosai. Ba a yi sadakar arba'in ba na kira mai gyara ya ɗora wa injinan irin manhajar da kowa ke amfani da ita, kwafin kasuwa. Na tattara faya-fayan Yaya na zuba a kwali. Samfurorina kuma suka fito daga aljihu suka zauna a fuskar kwamfuta, ba sauran ɓoye-ɓoye. Jama'a suka ƙaru, na riƙa jin ashe ni ne na iya kasuwanci.

Wata ranar Litinin shago ya cika, an ɗauke wuta, man janareto ya kusa ƙarewa, sai ga wani mutum yana son wasiƙar neman taimakon magani ga ƙanensa. Na buɗe ta Malama Saratu. Na canza sunan sama, na canza na ƙasa, na buga na miƙa masa. Na manta a sakin layi na uku ta ambaci cikakken sunanta da makarantar da take koyarwa da shekarar da aka yi mata gwaji. Mutumin ba ya jin Turanci sosai, sai ya kai wa wani a garinsu ya duba masa kafin ya aika. Garinsu kuwa shi ne garin da take koyarwa.

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Iyaye suka fara zuwa wurin hedimasta a fitar da 'ya'yansu daga ajinta. Maƙwabta suka daina karɓar abincinta. Abin da ya fi yi mata ciwo, kamar yadda na ji daga baya, 'yarta mai shekara goma sha ɗaya a bakin 'yan ajinsu ta ji. Uwar tana jira ne yarinyar ta ƙara hankali ta zaunar da ita ta faɗa mata da bakinta.

Ta zo shagon da kwafin takardar a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye a kan teburina ta ce, "Malam Isiya, yayanka ya kashe injin a gabana. Ya ce ta tafi. Ashe ya ajiye." Ta tsaya tana kallona. Ƙofa ce ta buɗe mini in faɗi gaskiya, na kuma san hakan a lokacin. Na sunkuyar da kai na ce wallahi ban san yadda aka yi ba, a cikin injin na tarar da ita. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya jiƙansa duk da haka, ta fita. Ƙarshen zangon karatu ta nemi canjin wurin aiki. Na jingina wa mamaci laifina don na san ba zai tashi ya ƙaryata ni ba, kuma wannan ya fi satar wasiƙar muni.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Minna ta yau. Intanet ya bar shaguna ya koma aljihu. Ka je kasuwa ka ga mace ta miƙa wa mai gyara wayarta da hotunanta da saƙonninta duka, ta ce za ta dawo da yamma. Har yanzu mutane na biya a buɗe musu shafin zumunta, wanda ya buɗe kuma shi ya zaɓa musu kalmar sirri. Littafin nan na 'yan makaranta bai mutu ba, girma ya yi. Bara da aka yi ta labarin manyan ƙasashe na leƙen saƙonnin jama'a, na san da yana nan sai mun gaji da jin "ai na faɗa muku", don Yaya da sanyinsa yana son wannan kalmar. An ce mini ma wayoyin da yawancinmu ke riƙewa a kan tushen manhajar nan da aka yi ta yi masa dariya a kanta aka gina su. Da ya ji daɗi, sannan ya tambaya wa ke iya ganin abin da ke ciki, ya ɓata wa kowa rai.

Ni dai abin da na sani, manhajar da ya dogara da ita ba ta ci amanarsa ba. Ya ce ta goge, ta goge. Ya toshe kowace kafa da ya sani, sai wadda bai taɓa zargi ba, ƙanensa da ke zaune taku uku daga gare shi. Yanzu a wata makaranta nake koyar da kwamfuta, shagon ya daɗe da zama wurin sayar da taya. Na koma kan Linux, ina koya wa ɗalibai su riƙe kalmar sirrinsu, ina juya musu baya idan za su shigar. Suna dariya, suna cewa Malam ya cika tsari. Ba su san a wurin wa na koya ba, ba su kuma san a makare na koya ba.

Watan jiya na bi sawu har na gano inda Malama Saratu take. Tana nan da ranta, tana shan magani, tana koyarwa, 'yarta ta gama sakandare. Ta ba ni kujera a tsakar gida, na faɗa mata komai tun daga diskit. Ta saurare ni har na gama. Na nemi izininta in rubuta wannan, ta ce in canza sunanta in ɓoye garin, amma sunansa in rubuta shi yadda yake, don akwai mutanen da ta faɗa wa cewa Malam Tanimu maci amana ne, ba ta kuma san inda za ta same su duka ba. Ga shi na rubuta. Tanimu bai ajiye wasiƙar kowa ba. Bai bar gida ba, bai bar fili ba, abin da ya bari shi ne mutane sun buɗe masa cikinsu ya rufe, kuma shekara shida da wani abu na hana shi ko wannan.

Da na tashi tafiya na roƙe ta gafara. Ta raka ni har bakin ƙofa kafin ta amsa. Ta ce, "Malam Isiya, shekara uku na yi ina addu'a kafin na iya yafe wa yayanka. Na sha wuya a kai. Ashe mutumin da bai yi mini komai ba na yafe wa. Kai kuma sai yau ka zo. Ka ba ni lokaci, ban san ko ina da sauran wannan ƙarfin ba."

Na ce to. Har yau ba ta aiko ba.