Mataki na Arba'in da Ɗaya

Shekara goma sha tara ke nan Baban Waya yana kula da akwatin da ke sarrafa injin yanka sabulu a masana'antarsu. Akwatin tsoho ne, ƙwaƙwalwarsa ƙarama. Umarnin da ke cikinsa a zane yake kamar tsani, mataki bisa mataki, kowanne da aikinsa.

Tsanin Baban Waya karkatacce ne. Wani matakin ya tsaya a tsakiyar allo, wani ya maƙale can hagu. Ba ganganci ba ne. A irin wannan akwatin, duk ɗan layin da ka ja don matakai su daidaita, wuri yake ci. Shi ya sa ya haƙura da kyau, ya adana wurin.

Ran Litinin ya dawo daga hutun kwana uku, ya kunna kwamfutar ɗakin lantarki, sai ya ga tsani a miƙe sambal. Ya sa yatsa a allo ya ƙirga. Sittin da biyu. Shi kuwa sittin da uku ya bari.

Ko sallama bai yi ba ya faɗa ofishin manaja.

"Yallaɓai, wa ya taɓa mini akwati?"

"Baba, zauna mana. Baƙi za su zo duba aiki jibi. Na kira ɗan kwangila ya gyara wannan zanen naka mai kama da sawun kaji."

"Ina mataki na arba'in da ɗaya?"

"Ƙwaƙwalwa ce ta cika, ya cire guda. Ya ce wannan bai taɓa yin aiki ba."

"Bai taɓa ba! Tukunyar kashe gobara da ke bayanka fa, ta taɓa? Miƙo ta in jefar!"

Matakin nan shi ke tsayar da wuƙa in an buɗe ƙofar inji tana gudu. Ma'aikata kan danna jan maɓalli kafin su buɗe, shi kuwa matakin na ranar da wani zai manta ne. Mai aiki a bakin ƙofar kuwa Dogo ne, ƙanin matar Baban Waya, mai 'ya'ya huɗu da mantuwar tsiya.

Baban Waya ya fita, manaja na biye da shi. Ya fizgi sandar goge ƙasa, ya ture Dogo gefe.

"Yaya, lafiya?"

"Matsa, kai dai!"

Ya buɗe ƙofar, inji na gudu, ya zura sandar. Ƙas! Rabinta ya faɗo cikin sabulai. Ya ɗauka ya danƙa wa manaja a hannu, ya kashe injin, ya jefa makullin a aljihu.

Har azahar yana goge layukan ado ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki, sai da wuri ya samu. Ya mayar da matakinsa, tsani ya koma karkatacce. Ya tayar da inji, ya buɗe ƙofa. Wuƙa ta tsaya cak.

Manaja ya dubi allon a marairaice. "To jibi me zan nuna wa baƙi?"

Baban Waya ya cafko hannun Dogo ya ɗaga sama.

"Ka nuna musu wannan. Su ƙirga yatsun."