Muryar da ke ƙarƙashin waƙa

A shekarar da damina ta yi mana rowa, rumbunan Matameye suka zama fanko tun kafin sanyi ya shigo. Soja ke mulki a nan Nijar, soja ke mulki a Najeriya, an kuma rufe iyaka, mazan da suka tafi ci-rani suka maƙale a can. Gidaje suka rage mata da tsofaffi da rediyo.

Ni a lokacin budurwa ce, ina zaune wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Kaina cike yake da 'yan littattafan soyayya da yayana ya saba kawo mini daga kasuwar Kano. Duk wanda na gani ya yi tagumi, sai in ce ƙauna ce ke cinsa, alhali yawanci yunwa ce.

Akwai wata mawaƙiya da ta yi tashe lokacin yaƙin Najeriya, tana yi wa sojoji waƙa a gidan rediyo. Bayan yaƙin an ci gaba da maimaita shirye-shiryenta, 'yan ci-rani suna ɗauka a kaset suna kawowa gida. Waƙoƙinta na masu jiran wanda ya tafi ne, shi ya sa a shekarar nan suka dawo sababbi. Muka shiga tara su, gida-gida. Mai son kwafi sai ta kawo manyetonta, wato rikoda, a kafa shi baki da baki da na mai kaset, ɗaya na faɗa ɗaya na ɗauka. Duk abin da ya yi motsi a gidan sai ya shiga: zakara, taɓarya, tari. Daga baya muka gano cewa rumbun ƙasa da babu hatsi ya fi ko'ina shiru, sai mu zura su ciki mu rufe.

Gwaggo na da kaset guda da marigayi mijinta ya kwafa da hannunsa tun rumbuna na cike. Ba ta hana kowa aro. Wata rana maƙwabciya ta manta shi a kan katanga, rana ta lanƙwasa shi kamar ganye. Gwaggo ta ce ba komai. Amma ta daina zama da mu in an kunna waƙa.

Na samo mata waƙoƙin nan a wani kaset mai tsabta, wanda aka ɗauka a rumbu. Ta saurara kaɗan ta miƙo mini.

"Ba shi ba ne, 'yar nan."

"Gwaggo, ai waƙar ce dai."

"Waƙar tana ko'ina. Malam ya yi magana a nawa, gab da ta biyu. Ba ni da muryarsa a wani wuri."

Zuciyata ta buga irin ta cikin littafi. Na tabbata kalmar ƙauna ce ya bar mata. Na tambaye ta wa ya taɓa kwafa daga nata, ta tuno wata Hajiya mai saida atamfa a Kance.

Ran kasuwa na bi mata muka tafi. Hajiya ta yi dariya ta ce nata ta daɗe da ɗora wa'azi a kansa.

"Waƙar soja da tsufana? Amma je ki Yauri wurin ƙanwata, ta kwafa daga nawa, kuma ita ba ta shafe komai, ko bashi."

Sai da wata kasuwar ta zagayo na isa Yauri. Ƙanwar Hajiya ta zazzage mini kwano cike da kaset, muka yi ta gwadawa har pil, wato batir, ya soma ja da murya. Da muka kai wanda ake nema, na ji motsin mutane kafin waƙa ta biyu, na kashe da sauri. Ban so in riga Gwaggo ji ba. A hanyar dawowa jandarma ya juya kaset ɗin a hannunsa, ya tambayi abin da ke ciki. Na faɗi sunan mawaƙiyar, ya mayar mini yana gunguna amshin.

Bayan la'asar muka zauna a ɗakin Gwaggo. Waƙar farko ta ƙare. Sai ga dakan Kance, a kansa kukan jaririn Yauri, can ƙarƙashinsu kuma, siririya kamar daga rijiya, muryar namiji:

"Ke, a ɗaure akuyar nan mana."

Shi ke nan. Kalangu ya shigo.

Na ji kamar an yage mini shafin ƙarshe. Na juya in ba ta haƙuri, sai na ga tana dariya, bakin zane a kan idonta.

"Ban ɗaure ta ba kuwa," ta ce. "Saurara, za ki ji ta."

Can cikin amshi akuyar ta yi kuka. Mun riga mun sayar da ita tun farkon fari.

Na kai hannu zan danna ya koma baya, ta riƙe ni.

"Kar ki cinye mini pil. Kawo bik."

Ta zura biron a ramin kaset ɗin tana juyawa a hankali, tana kallon zaren, don ta san daidai inda Malam yake.