Ranar da Muka Cinye Aikin Gwamnati

Ko daga barci aka tashe ni, ba zan manta da ranar da muka cinye aikin gwamnati ba. Da manja kuwa!

Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samun sunan Kaduna ba, ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin gandun daji na Kafanchan. Aka turo mu wani kurmi a gefen Kwoi, ni da ogana, Mista Yohanna. Ana so a sare shi a dasa itacen malaina, alhali daga cikinsa rafin garin ke ɓuɓɓugowa. Abin da zai cece shi ɗaya ne: mu nuna yana da yalwar halittu.

Ku yaran yanzu ku ji yadda ake yi. Ba yawan iri kaɗai ake dubawa ba. Lissafin yana tambaya ne: in ka rufe ido ka ɗebo biyu, sau nawa za su fito iri dabam? Amsar tsakanin sifili da ɗaya take faɗawa; in ta doshi ɗaya, wuri ya yi albarka. Da fāra muka auna. Wuni muka yi muna tsalle da raga kamar mahaukata, muka cika buhu, muka ajiye a gidan faston da ya sauke mu, muka tafi rafi wanka.

Muna dawowa ƙamshi ya tare mu. Mama Saratu, matar fasto, ta dire mana kwano. Muka ci, har Oga yana neman ƙari. Can ya tsaya, ƙafar fāra a leɓe.

"Mama, ina buhunmu?"

"Ka ji Oga! Baƙo ya shigo da cefane, in zauna ina kallo?"

Gobe rahoto zai bi jirgin ƙasa, kaka kuma ta zo ƙarshe, ba damar sake tara fāra. Amma dariya ta ci ƙarfina, na faɗi daga benci.

Sai Oga ya zabura: "Fukafukan fa?"

Suna faifai, kaji sun nufo su! Ban taɓa ganin babban ma'aikaci ya yi tsere da zakara ba sai ranar. Kowane iri da zanen fiffikensa, fāra masu wari kuma Mama ta ware su a kwando. Muka jera bibbiyu, Oga ya buga lissafi yana gyatsa. Amsa ta doshi ɗaya.

Tun daga nan na koyi cewa kafin ka auna daji, ka fara yi wa uwargida bayani. Kurmin yana nan. Bara na sha ruwan rafin, jikar Mama ce ta miƙo mini ƙwarya.