Ranar da Eustace Ya Ja Bakinsa

Ƙanena Eustace Benjamin ya shekara ashirin da biyu yana kwasar baƙi daga ƙofar tashar jiragen ruwa zuwa bakin teku, ni kuma shekarata tara ina riƙe da takardar layin direbobi a wannan ƙofar. Ni nake kiran wanda lodi ya zo kansa. A cikin direbobi arba'in da ɗaya na ƙungiyarmu, babu wanda ya sa mini hawan jini irin wanda muka fito ciki ɗaya da shi.

Ba ya shaye-shaye, ba ya gudun ganganci, bas ɗinsa kuwa ko ƙwayar rairayi ba ta kwana a ciki. Ciwonsa ɗaya ne, bakinsa.

Da can masunci ne, kamar babanmu. Guguwa ta farfasa masa kwale-kwale, ya haƙura ya koma tuƙi, amma halin masunta bai sake shi ba. Kullum da sanyin safiya, kafin jirgi ya kunno kai, sai ya zagaya gaɓar gabas da ta yamma ya duba ruwa da iska, sannan ya iso tasha da kofin shayinsa na ganye da labarin da ba wanda ya tambaye shi. Tun da ciyawar tekun nan ta fara addabarmu abin ya ƙara tsanani. In iskar gabas ta kwana tana kaɗawa, sai a wayi gari ciyawa ta lulluɓe gaɓar Bellamy da ke gabas har gwiwa, in rana ta buge ta kuma sai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gaɓar Bellamy ɗin nan kuwa ita ce a wayar kowane baƙo.

Su baƙin, awa shida ko bakwai jirgi yake ba su. Sun riga sun zaɓi inda za su tun suna gida cikin sanyi, wata shida baya, daga hoton da aka ɗauka ranar da ruwa ya yi garau. Suna saukowa sai su miƙa maka waya a fuska su ce nan. Direba mai hankali sai ya buɗe ƙofa ya ce su hau. Eustace sai ya karkata kai ya ce, “Yau ba ta yi ba. Ku zo in kai ku Gindin Tsamiya, can yamma, ruwa kamar madubi.”

Nan take sai su ja da baya, su riƙe jakunkunansu da kyau. A ƙa'idarmu, wanda fasinja ya ƙi shi sai ya koma ƙarshen layi. Sau nawa na tura ƙanena baya da hannuna, ya wuni yana goge motar da ba ta yi datti ba? Bara kuma ƙungiya ta kawo sabuwar doka: ƙorafi uku a rubuce, a karɓe bajonka na shiga tasha har shekara guda. Wanda ba shi da bajo ba ya shiga ƙofa, sai dai ya tsaya bayan shinge a titi yana ɗaga wa mutane hannu.

Kafin Kirsimeti Eustace ya tara biyu. Wani Bajamushe ya rubuta cewa direba ya yi masa gardama. Wata kuma ta rubuta cewa yana son karkatar da su wurin abokan cinikinsa. Abokan ciniki! Babu kowa a Gindin Tsamiya sai wata tsohuwa mai suyar kifi, ita ma ko gaisawa ba sa yi tun da suka yi faɗa a kan kujerar coci.

Ranar Lahadi ya zo gidana cin tuwon masara da kifin gishiri, na tsare shi.

“Saura ɗaya, Eustace. Ɗaya tak.”

“Na iya lissafi, Yaya.”

“To ka iya shiru? Wa ya naɗa ka sarkin teku? Mutum ya ƙetaro duniya, ya nuna maka inda yake so, kai shi mana! In wari ne, hancinka ne ko nasa?”

“Rana ɗaya fa suke da ita.”

“Kai kuma shekararka hamsin da tara, bajo ɗaya gare ka. Don Allah, don darajar Mama da ke kabari, ka ja bakinka. Inda yatsa ya nuna, nan taya za ta bi.”

Ya daɗe yana juya cokali a cikin kwano. Can ya ce, “Na ji.” Ni kuwa har wani daɗi na ji, wai na gyara ƙanena.

Talata jirage uku suka shigo, iskar gabas kuma ta kwana tana busawa. Da na kira lambarsa, wata Ba'amurkiya mai suna Misis Holloway ce a gaba, da mijinta da mahaifiyarta, tsohuwa tukuf mai dogara sanda. Ta ce tsohuwar ta cika tamanin, wannan tafiyar ce kyautarta. Ta miƙa waya. Bellamy.

Eustace ya dubi hoton, ya dubi tsohuwar, ya ɗago ya dube ni. Na watsa masa harara. Ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya buɗe ƙofar bas.

Sylvester, direban da ke bayansa a layi, ya dube ni ya tuntsire da dariya. “A'a! Yau Fasto babu wa'azi? Anti Icilma, me kika ba shi ya sha? Ki sam mana mu kai wa matanmu!”

Na yi dariya tare da su, abin da har yau yake ci mini rai.

Ba a yi awa biyu ba sai ga bas ɗin ya dawo. Tsohuwar tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, ashe tana da asma, warin ya tayar mata. Surukin nata ya tallafe ta zuwa jirgi. Misis Holloway kuwa ta nufo teburina fuska jajir, Eustace na biye da ita da hularsa a hannu.

“Na tambaye shi ko ya sani,” in ji ta, sannan ta juya ga Eustace. “Faɗa mata abin da ka ce mini!”

“Na sani,” in ji Eustace. “Tun ƙarfe shida na gani da idona.”

“To me ya hana ka faɗa?”

Ko kallona bai yi ba. Sakarai, da ya ce bai sani ba da maganar ta mutu a nan. Amma mutumin da aka sha fama kafin a rufe masa baki, ina za a koya masa ƙarya a rana ɗaya?

Ta nemi takardar ƙorafi. A aljihun teburina ake ajiye su. Na ce mata ni na hana shi magana, ta ce ita ba ni ta ɗauka ba, direba ta ɗauka. Ba ta da biro, sai da nawa ta rubuta.

Da yamma na je wurin shugaban ƙungiya, Mista Conroy, na yi rantsuwa, na yi magiya, na buga tebur. Na ce biyun farko an rubuta su don ya yi magana, na ukun don ya yi shiru, to yaya ake so bawan Allah ya yi? Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi takarda yake gani, uku kuma uku ce. Eustace ya cire bajon daga wuyansa ya ajiye, ya naɗe igiyar a hankali kamar mai naɗe fatsa, ya fita. Na bi shi ina kira, ya ce, “Bar shi, Yaya, kin yi don ni ne.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari ƙarfe shida da rabi wayata ta yi ƙara.

“Yaya, Bellamy ta fi jiya muni. Kada ki bari a kai tsofaffi.”

“Kai Eustace, har yau ɗin ma ka je? Wa za ka ɗauka?”

“Oho. Na dai faɗa miki.”

Da aka buɗe ƙofa na hango shi can bayan shinge, ya jingina da bas ɗinsa yana kurɓar shayi, ko hannu bai iya ɗaga wa kowa ba. Lodin farko na Sylvester ne, har ya buɗe ƙofa yana washe baki. Wani dattijo mai hular kaba ya tsaya gabana, matarsa na riƙe da hannunsa, ya miƙo mini waya.

“Haka take da gaske?” ya tambaye ni.

Na ajiye takardar layin. “Yallaɓai, yau ba ta yi ba. Ciyawa ce har gwiwa, ga wari. Ku tafi yamma.”

“Tabɗi,” in ji Sylvester. “Ashe ciwon na gida ne.”

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya sake duban wayarsa, ya gyara riƙon jakarsa. Sannan ya ja matarsa suka hau motar Sylvester.