Iyayen da Oga ya ce sun gaji da ni

Shekarun baya, ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Anguwan Rukuba, mai makarantar ya kira ni ofis. Laifina shi ne idan lissafi ya gagari yara da Turanci, nakan juya musu shi da Hausa. Ai ita suke ji a titi, da ita suke faɗa.

Oga bai ko ce in zauna ba. Ya ce, "Many parents are complaining." Wai iyaye da yawa suna ƙorafi a kaina.

Kalmar nan many ta tsaya min a rai. Nan take na ga iyayen ajina kaf sun taru a kaina, har da matar da nake sayen ƙosai a wurinta. Da some ya ce, da na ba da haƙuri na koma aji. Da a few ne, wallahi ko a jikina. Amma many? Sai na ji unguwar ce gaba ɗaya ba ta so na.

Mijina ya ce in koma in tambaya su wane ne. Na koma, sai many ta zama several. Na matsa, ya ce to, some ne dai, yana ta juya biro. Kalmar tana ta ramewa, amma ni na riga na karaya. Na koma sunkuyar da kai idan iyaye sun zo ɗaukar yara, ni da bakina ba ya hutawa. Ƙarshen zango na ajiye aikin, ba wanda ya kore ni.

An kwana biyu, ina cinikin tumatir a Farin Gada, wata uwa daga kwamitin iyaye ta riƙe min hannu. Ta ce, "Anti, me muka yi miki kika gudu? Tun da kika tafi yarona ya tsani lissafi." Ita ta gaya min mutum ɗaya ne ya kai ƙorafin, shi ma ya kwashe iyalinsa ya koma Kuru tun kafin in bar makarantar.

Na tsaya riƙe da leda, ko fushi na kasa yi. Gajiya kawai na ji.

Har yau idan aka ce min mutane da yawa suna cewa kaza, da Turanci ko da Hausa, sai in ce a kira min sunayensu. Sai dai wayon ya zo min a makare. Ajin da na fi so a rayuwata, saboda mutum ɗaya na bar shi.